Anna Pavlova: 'Yar Mai Wankau da Ta Fito da Rawar Bale Daga Fada

Rawar bale 'yar fada ce. A gidajen sarakunan Italiya aka haife ta wajen ƙarni na 15, ana yin ta a bukukuwan aure da walimar manyan baƙi. Catherine de Medici, 'yar birnin Florence da ta auri sarkin Faransa, tana cikin waɗanda suka rene ta a Paris, kuma a 1581 aka yi wani gagarumin wasa a fadar Faransa wanda masana da yawa ke ɗauka shi ne bale na farko na sosai. Sama da sa'a biyar aka kwashe ana yin sa. Sarki Louis na 14 kuwa da kansa yake shiga fili ya taka, kuma a 1661 ya kafa makarantar rawa ta sarauta. Shi ya sa har gobe duk inda ake koyar da bale, ko a Tokyo ko a Legas, da Faransanci ake kiran sunan kowane taku. Mata ba su fara yin ta a matsayin sana'a a gaban jama'a ba sai a 1681.

Abin da yawancin mutane suka sani da bale a yau, wato mace cikin fararen kaya tana tafiya a kan tsinin yatsun ƙafarta kamar ba ta taɓa ƙasa, ya samo tushe ne daga Marie Taglioni, wadda ta fito a wasan La Sylphide a Paris a 1832. Shekara tara bayan haka aka yi Giselle, labarin 'yar ƙauye da masoyinta ya yaudara har baƙin ciki ya kashe ta. Daga nan hasken Paris ya soma dushewa, na St. Petersburg ya kama. Tun 1738 Rasha take da makarantar rawa ta sarauta, kuma a 1847 wani Bafaranshe mai suna Marius Petipa ya sauka a birnin, ya shafe fiye da shekara hamsin yana tsara raye-raye. Baitulmalin Sarkin Rasha ne ke ciyar da ɗalibai, ya tufatar da su, ya biya albashin 'yan rawa, ya ba su fansho idan sun tsufa. Kujerun gidan wasa na Mariinsky kuwa manyan gidaje ne suka riƙe su shekara da shekaru. Matsayin bale a can kamar na tambari ne a fadar sarakunanmu: talaka yana iya jiyo amonsa daga nesa, amma ba don shi ake kaɗa shi ba.

A wannan birni aka haifi Anna Pavlova ranar 12 ga Fabrairu, 1881. Bakwaini ce, kuma ta taso da laulayi. Mahaifiyarta, Lyubov, wanki take yi wa mutane. Tana da shekara takwas uwar ta kai ta Mariinsky ta kalli wasan Sleeping Beauty, wanda Petipa ya tsara a kan kiɗan Tchaikovsky, kuma daga wannan dare yarinyar ta kafe cewa ita rawa za ta yi. Da suka je makarantar rawa ta sarauta aka ce ta yi ƙanƙanta, su dawo idan ta cika goma. Suka jira. A 1891 aka ɗauke ta, ta yi shekara takwas a ciki, ta fito a 1899.

Jikinta bai dace da abin da ake so a lokacin ba, kuma a nan ne labarinta ya fara ban sha'awa. Zamanin na 'yan rawar Italiya ne, mata gajeru masu ƙirar ƙarfi da ƙwaurin ƙarfe. Tauraruwarsu ita ce Pierina Legnani, wadda ke juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya ba tare da ta gusa daga inda take ba, 'yan kallo suna ƙirgawa. Kowace ɗaliba burinta ta yi irin wannan. Ita kuwa Anna siririya ce, doguwar gaɓa, idon sawunta ba ƙarfi, tafin ƙafarta ya lanƙwashe fiye da kima. An ce har tsintsiya 'yan ajinsu suke kiran ta. Ta yi ta wahalar da kanta tana kwaikwayon Legnani, har wata rana malaminta Pavel Gerdt ya tsawata mata, ya ce ta bar wa masu ƙarfi wasan ƙarfi, domin abin da take ɗauka naƙasa a jikinta shi ne baiwar da sauran ba su da ita. Ban san wata shawara da malami ya taɓa ba ɗalibi a wannan fanni da ta kai wannan albarka ba. Ba ta bar horo ba, hasali ma ta ƙara, ta koma wurin Enrico Cecchetti, ƙwararren malami ɗan Italiya, yana ba ta darasi ita kaɗai don ya ƙarfafa mata baya da ƙafafu. Sai dai ta daina neman zama wata.

Tsoho Petipa ya gane abin da ke gabansa. A 1902 ta fito a matsayin Nikiya a wasan La Bayadère, a 1903 ta yi Giselle, kuma a 1906 aka ba ta babban matsayi na shugabar 'yan rawa mata. Waɗanda suka gan ta a waɗannan shekaru ba su cika yin zancen yawan juyinta ba, don akwai waɗanda suka fi ta nesa ba kusa ba. Hannuwanta suke faɗa, da wuyanta, da yadda take tsayawa cak a kan yatsa ɗaya har sai numfashin mai kallo ya ɗauke, da yadda fuskarta ke sauyawa har na kujerar ƙarshe ya san abin da ke zuciyar wadda take kwaikwayo. Ta dawo da taushin zamanin Taglioni a lokacin da kowa ya ɗauka an wuce wurin.

Ko takalmin da 'yan bale ke sawa a yau yana da ɗan tarihinta a ciki. Saboda lanƙwasar ƙafarta, takalmin zamanin ba ya tallafe ta, sai ta riƙa sa fata mai tauri a tafinsa, ta kuma daddale bakinsa ya yi faɗi don ta samu wurin tsayawa. Wasu abokan sana'arta suna ganin wannan ha'inci ne. Ita ma abin yana damun ta, har takan sa a gyara hotunanta don bakin takalmin ya fito da tsini. Yau kusan duk takalmin bale mai faɗin baki ne mai taurin tafi.

Sai kuma rawar da ta zama tambarinta. Abokin karatunta Mikhail Fokine ne ya tsara mata ita cikin ɗan lokaci, don wani wasan tara kuɗin taimako a St. Petersburg, a kan wani gajeren kiɗa na Camille Saint-Saëns da ake yi da celo, babban gogen nan na Turawa. Ana kiran ta Mutuwar Suwan, wato farin tsuntsun ruwan nan mai dogon wuya. Ba ta fi minti huɗu ba. Babu tsalle a cikinta, babu juyin burgewa. Mace ce ita kaɗai a dandamali, tana yawo a kan yatsu da ƙananan taku masu karkarwa, hannuwa suna neman tashi sama suna kasawa, har ta durƙusa, ta naɗe jikinta a kan ƙafa ɗaya, ta yi shiru. Duk ɗalibar da ta yi nisa a karatu za ta iya takun. Abin da ke da wuya shi ne a sa ɗakin da ya cika da mutane ya yarda cewa rai ne ke fita a gabansa. An ƙiyasta cewa Pavlova ta yi wannan rawa kusan sau 4,000, kuma wannan ya fi komai ba ni mamaki game da ita: yadda mutum zai maimaita abu ɗaya dare bayan dare har shekara ashirin da wani abu, a gajiye, a kan katakon da ba shi da kyau, bai kuma bari ya zama aikin gama-ka-tashi ba.

A 1909 Sergei Diaghilev ya kwashi fitattun 'yan rawar Rasha ya kai su Paris, ya girgiza Turai. Zanen Pavlova ne, na hannun Valentin Serov, aka manna a bangon birnin don tallar wasan. Amma zamansu bai daɗe ba. Diaghilev mai neman sabon abu ne: sabon kiɗa, sabon zane, sabon salo, kuma hankalinsa ya fi karkata ga ɗan rawa Vaslav Nijinsky. Da aka zo wasan Firebird a 1910, Pavlova ta ƙi fitowa don kiɗan Igor Stravinsky bai kwanta mata ba, sai Tamara Karsavina ta karɓa. A nan dai tarihi bai ba ta gaskiya ba. Kiɗan nan yana cikin manyan ayyukan ƙarni na 20, kuma ta juya masa baya.

Sai dai rabuwar ta haifar da hanyoyi biyu, kuma bale na buƙatar dukansu. Diaghilev ya sabunta fasahar a gaban masu ilimi da masu kuɗi na manyan birane. Pavlova ta ɗauke ta ta kai wa mutanen da ba su taɓa jin sunanta ba.

A 1910 ta fito a New York da Landan tare da abokin rawarta Mikhail Mordkin. A 1912 ta koma zama a wani gida a arewacin Landan mai suna Ivy House, da lambu da ɗan tafki inda take kiwon suwan. A 1913 ta bar Mariinsky, da albashinsa da fanshonsa da duk wata alfarma, kuma bayan 1914 ba ta sake taka ƙasar Rasha ba. Yaƙin duniya na farko da juyin juya halin 1917 suka rufe hanyar. Ta kafa tawagarta, Victor Dandré, abokin zamanta, yana riƙe da harkar kuɗi da tafiye-tafiye. Yawancin 'yan matan tawagar 'yan Ingila ne da aka laƙaba musu sunayen Rashawa don 'yan kallo su yarda da su. Hilda Boot, alal misali, ta koma Butsova.

Ba ita ce ta fara ƙetare teku da bale ba, don Fanny Elssler ta zaga Amurka tun 1840. Amma ba a taɓa yin mai yawo irin nata ba. Babu jirgin sama na fasinja da za a dogara da shi, sai jirgin ruwa da na ƙasa, da akwatuna ɗaruruwa na sutura da labule da kayan kiɗa. An ƙiyasta ta yi tafiyar da ta haura mil 300,000. Kuma ba manyan birane kaɗai take tsayawa ba. A Amurka takan sauka a ƙaramin gari, a yi wasa a zauren makaranta ko gidan silima, a kwana a jirgi, gobe a wayi gari a wani garin. A 1916 ta yarda ta yi rawa a gidan wasa na Hippodrome da ke New York, a cikin shirin da har giwaye ke fitowa. Masu ganin bale ta fi ƙarfin irin wannan wuri sun ji haushi. Ita kuwa ta ga dubban mutanen da ba za su taɓa shiga gidan opera ba. A shekarar ce kuma aka fitar da fim ɗin da ta fito a ciki, The Dumb Girl of Portici, wanda wata mace, Lois Weber, ta ba da umarni.

Shekarun ƙarshen yaƙin ta yi su ne a Kudancin Amurka da yankin Karibiyan. A Meziko, a 1919, filin da ake wasa da bijimai aka buɗe mata, dubban mutane suka cika shi, ta sa kayan gargajiyar ƙasar ta yi musu rawarsu ta Jarabe Tapatío a kan tsinin yatsu. A 1917 a birnin Lima na Peru, wani yaro ɗan shekara 13 yana cikin 'yan kallo. Sunansa Frederick Ashton, kuma daga baya ya sha faɗin cewa daga daren nan bai ƙara son wani aiki ba sai rawa. Shi ne ya zama babban mai tsara rawa na Ingila, kuma masu nazarin ayyukansa suna ganin inuwar Pavlova a yadda yake sarrafa hannu da kafaɗa da lanƙwasar jiki. A 1922 ta je Japan. Ta je Masar, ta je Afirka ta Kudu, a 1926 ta isa Ostareliya da New Zealand. Wani matashi ɗan Ostareliya, Robert Helpmann, ya bi tawagar yana koyo, shi ma ya zama babban suna.

Labarinta da Indiya ya fi kowanne taɓa ni, don a nan aka ga cewa matar nan rawa take so, ba bale kaɗai ba. Lokacin da ta je, mulkin mallaka da 'yan bokon ƙasar sun riga sun sa ana ƙyamar raye-rayen gargajiya na haikali, ana ganin su abin kunya. Ita kuwa tambaya take yi ina raye-rayenku. A Landan ta haɗu da wani ɗalibin zane ɗan Indiya, Uday Shankar, yayan makaɗin nan Ravi Shankar. A 1923 ya tsara mata rawar Radha da Krishna, suka yi tare a gidan wasa na Covent Garden, kuma ita ce ta ƙarfafa masa gwiwa ya tsaya a kan gadon ƙasarsa maimakon ya zama ɗan bale na aro. Ya zama ɗaya daga cikin iyayen rawar zamani ta Indiya. Bayan 'yan shekaru ta yi tafiya a jirgin ruwa ɗaya da wata matashiya, Rukmini Devi, wadda ta so koyon bale har ta fara darasi a wurin Cleo Nordi, ɗaya daga 'yan tawagar. Pavlova ta ba ta shawara ta waiwayi na gida. Rukmini Devi ta koma ta koyi rawar gargajiya ta Bharatanatyam duk da surutun mutane, kuma a 1936 ta kafa makarantar Kalakshetra a Madras, wadda ke nan har yau. Baƙuwa ta zo da kayanta, ta tarar da masu gida suna raina nasu, ta ce musu su riƙe shi da kyau. Ba kowane Bature na wancan zamani ne ya yi haka ba.

Ba zan ɓoye aibinta ba, don son da nake mata bai dogara da a ce ba ta da shi ba. Zaɓinta na kiɗa sau da yawa ba shi da zurfi. Raye-rayen da tawagarta ke yi yawancinsu ƙanana ne masu daɗin ido, na furanni da mazari da 'yar tsana, an gina su don ita ta haskaka, sauran su zama ado. Ba ta bar wata makaranta mai sunanta ba, kuma tawagar ta watse ba da daɗewa ba bayan rasuwarta. Tana da zafin rai. A Landan ta taɓa ɗauke Mordkin da mari a gaban 'yan kallo. Tana gajiyar da 'yan rawarta da horo, ko da yake ba ta taɓa sa su abin da ita ba ta yi ninkinsa ba. A ɗaya gefen kuma, ita ce ta buɗe gidan marayu a Saint-Cloud kusa da Paris don 'yan matan Rasha da juyin juya hali ya raba da iyayensu, tana ciyar da shi daga guminta.

A watan Janairun 1931 sanyi ya kama ta a hanya tana shirin fara wani sabon zagaye, ya zama ciwon huhu. Ta rasu a otal ɗin Des Indes da ke birnin Hague na ƙasar Holan ranar 23 ga Janairu, saura kamar mako uku ta cika shekara 50. An ƙone gawarta a Golders Green, kusa da gidanta na Landan, kuma tokarta na can.

Diaghilev ya riga ta mutuwa da ƙasa da shekara biyu, a 1929, don haka a farkon shekarun 1930 bale a wajen Rasha ta wayi gari ba uwa ba uba. Mutane da dama sun zaci ta ƙare. Abin da ya faru akasin haka ne. A shekarar da Pavlova ta rasu Ninette de Valois ta kafa ƙungiyar da ta zama Royal Ballet ta Ingila a 1956, Ashton yana tsara mata raye-raye, Margot Fonteyn tana tauraruwarta. A Amurka George Balanchine ya buɗe makarantarsa a 1934. De Valois da Balanchine duk daga hannun Diaghilev suka fito, wannan gaskiya ne. Amma su wa suka sayi tikiti? Su wa suka kai 'ya'yansu mata makarantun rawa a ƙananan garuruwan Amurka da Ingila da Ostareliya? Iyayen da suka taɓa ganin Pavlova ne dare ɗaya, shekaru goma ko ashirin da suka wuce. Diaghilev ya bar wa bale masu tsarawa, ita ta bar mata masu kallo da masu sha'awar koyo, kuma fasahar da sarki ya daina ciyarwa ba ta rayuwa sai da waɗannan.

Daga nan abin ya ci gaba da yaɗuwa ta hanyoyin da ita ba ta gani ba. Alicia Markova da Maya Plisetskaya sun gaji Mutuwar Suwan, kowace da irin nata salon. Ta Plisetskaya tsuntsuwa ce mai gardama da mutuwa, kuma ta yi ta yin rawar har shekaru suka ja mata. A Kyuba Alicia Alonso ta kafa ƙungiya a 1948, wadda ta zama abin alfaharin ƙasar. A Alƙahira an buɗe makarantar bale a ƙarshen shekarun 1950 da taimakon malamai daga Tarayyar Sobiyat. A 2020 kuma duniya ta kalli bidiyon wani yaro ɗan shekara 11 yana juyi ba takalmi cikin ruwan sama a wata unguwa a Legas, wanda hakan ya buɗe masa ƙofar karatun rawa a ƙasar waje. Har a kicin sunanta ya shiga: akwai wani kayan zaƙi na farin ƙwai da sukari da 'ya'yan itace da ake kira Pavlova, wanda Ostareliya da New Zealand suka daɗe suna jayayya a kan waye ya fara yin sa.

A ganina babu wata 'yar rawa a tarihin bale da ta yi wa fasahar hidimar da ta kai tata. An yi waɗanda suka fi ta ƙarfin ƙafa tun tana raye, kuma ɗalibar yau mai shekara 16 tana yin abubuwan da ita ba ta iya ba. Amma an ɗauki 'yan gajerun finafinai na rawarta a shekarun 1920, marasa sauti, masu dishi-dishi, kuma suna nan a intanet, har da na Mutuwar Suwan. Mai karatu, ko da bale ba ta taɓa burge ka ba, ka nemi wannan ka ba shi 'yan mintoci, kuma ka sa ido a kan hannuwanta fiye da ƙafafunta.